Iya zane ya isa mutum ya zama daraktan zane a fim?

Ɗan'uwa, ka ce ka iya zane, kana tambaya ko hakan ya isa ka zama daraktan zane, wato mai tsara ɗakuna da kayan da ake gani a fim. Gaskiya bai isa ba. Rabin aikin lissafi ne: ka karanta labari, ka fitar da kowane ɗaki da kayan cikinsa, ka tsara kuɗi da kwanaki, ka bi kafintoci da masu fenti. Galibi daga mataimaki ake farawa.

Sababbin shiga sukan cika ƙawa. Ɗakin talaka da labule sabo fil? Kyamara za ta tona asiri nan take. A wasan daɓe kuwa, ɗan kallo na kujerar baya ake yi wa aiki. A fim, riƙa ɗaukar hoton wurin kafin a tashi aiki, kada gobe kofi ya canza gefe.

Duk abin da mutum zai hau, ko haɗa lantarki, nemo injiniya.