Tukwicin mai huda kunne: nawa ya dace a bayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haifi 'ya mace, yau kwana biyar. Surukata ta ce ranar suna wata dattijuwa maƙwabciyarmu za ta huda mata kunne tare da wasu yara biyu na gidan. Ita ba ta yanka kuɗi, sai abin da aka ba ta. Maigidana kuma ya fi son a kai ta kemis a yi da bindigar huda kunne. Ina gudun in ba da abin da zai zama raini. Nawa ya dace? In kuma kemis aka je, ana ƙara tukwici bayan kuɗin aiki? Daga wata mai jego a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Zancen tukwici ba shi da wuya. Inda aka yanka farashi, kamar kemis ko shagon kwalliya, ki tambayi kuɗin aiki da na barima daban-daban tun kafin a taɓa yarinya. Kin biya, kin fita haƙƙi. In aikin ya yi miki, ki ɗora kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗin aikin, ban da kuɗin ɗankunne, ki miƙa wa wadda ta yi hujin hannu da hannu, don sau da yawa ba ita ce mai shagon ba. A Amurka ne abin ya zama kamar dole, suna ba da kashi 15 zuwa 20 cikin 100. A nan alheri ne. A asibiti kuwa a biya wurin karɓar kuɗi a amshi rasit, kuma duk ma'aikaciyar da ta nemi na goro kafin ta yi aiki ba tukwici take nema ba. Dattijuwar da ba ta yanka kuɗi, ki auna da abin da ake biya a kemis ɗin unguwarku, ki haɗa da sabulu ko turare, a bayar bayan an gama, ta hannun surukarki, don girman ya zama nata.

Amma 'yar'uwa, abin da ya tsaya mini a rai a tambayarki shi ne yara uku a zama ɗaya. Allura nawa za a yi aiki da su?

Amsar da ake bayarwa kullum ita ce, ai za a sa ta a wuta, ko ai za a goge da sifirit. Wannan zancen ya daɗe yana cutar da mutane. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma jinin da ido ba ya gani ya isa. Ta fi ƙanjamau saurin kamawa sau 50 zuwa 100. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, wato kusan mutum ɗaya cikin 12, kuma yawancinsu lafiya ƙalau suke yawo, ba su sani ba. Babba in ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta. Ƙasa da 5 cikin 100 ne take zauna musu. Jariri kuwa kusan 9 cikin 10 zama take yi musu har girma, ba zazzaɓi, ba alama, sai an kai shekara talatin ko arba'in hanta ta ƙanƙance ko ta yi daji. A lokacin wa zai tuna da allurar ranar suna? Sai a ce sammu ne.

Wutar da ake taƙama da ita, ki lura da yadda ake yi: a ƙyasta ashana, a wuce da tsinin allura sau biyu, a goge baƙin da bakin zane. Kafar allurar ba ta ga wuta ba, zaren da za a ja ta cikin raunin bai gani ba, yatsun da suka riƙe kunnen yarinyar farko su ne za su riƙe na ta biyu. Sifirit kuma don goge fata aka yi shi. Yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya ratsa jinin da ya bushe a lungu, ba ya kuma kashe ƙwayar cutar sarƙe-haƙora. Abin da ke tsarkake ƙarfe shi ne tukunyar tururi ta asibiti, zafi digiri 121 na aƙalla minti 15. Wadda ba ta da ita, hanyarta ɗaya ce: sabuwar allura a cikin ledarta, a yage a gabanki, a yi wa mutum ɗaya, a jefar.

Kada maigida ya ɗauka bindigar kemis ta kuɓutar da shi. Farar riga da kwalaben magani a kanta ba sa wanke kayan aiki. Bindigar da ake maimaitawa jikinta roba ne, in aka sa ta a tukunyar tururi narkewa za ta yi, shi ya sa iyakarta a shafe ta da auduga. Ba ta kuma yanka fata yadda allura ke yi. Barima mai dakusasshen baki take cusawa da ƙarfi, ruwan jiki ya fantsama cikin bakin bindigar, ya jira mai zuwa. In dai sai an yi da na'ura, a nemi irin wadda barima da maƙallinta suke zuwa a rufe cikin kwanso, a fasa a gabanki, kuma a fatar kunne ta ƙasa kaɗai. Saman kunne da hanci guringuntsi ne, jini bai cika zuwa wurin ba. Bindiga kan fasa shi, in ya yi ruwa kunne na iya lanƙwashewa har abada. 'Yan matan da ke jera huji uku huɗu a saman kunne su ji wannan.

Abin takaici, kunya ce ke hana mutane magana. Wai ta yi mana kyauta, yaya za a ce mata ta canza allura? To, ga inda kuɗin tukwicin zai yi amfani: ki sayi allurai sababbi irin na asibiti, kowace yarinya da tata, da safar hannu da auduga, ki kai a matsayin gudummawarki. Ba wadda aka ci wa fuska. In ta ce ita allurarta ta gado ce ba ta canzawa, a ba ta sabulunta da turarenta don zumunci, a ɗauke yarinya.

Ni a ganina ma babu dalilin gaggawa. Ki tabbatar an yi mata rigakafin ciwon hanta na haihuwa, wanda ake so cikin awa 24 na farko. In ba a yi ba, ki kai ta yau. A bari ta karɓi allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar ta mako 6 da 10 da 14, wadda ta ƙunshi ciwon hanta da sarƙe-haƙora, sannan a huda.

Bayan huji, a sa barima ta zinare mai karat 14 ko sama, ko ta ƙarfen titaniyam. Mai arha tana ɗauke da wani ƙarfe da ake kira nikel, shi ke kawo ƙaiƙayi da ruwa. Ban da zare, ban da tsinken tsintsiya, ban da toka ko man shanu. A wanke hannu, a goge gaba da baya sau biyu a rana da ruwan gishirin asibiti, ko rubu'in ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce. Kada a matse maƙallin baya, don kunne na kumbura ya haɗiye shi. Kada a cire kafin mako 6 zuwa 8. In a danginku ko na mahaifinta akwai masu tabon da ke tsirowa ya yi ƙullutu, ki faɗa wa likita kafin a huda. In kuwa kika ga kunnen ya yi ja yana yaɗuwa, ko mugunya, ko zafin jikinta ya kai digiri 38, ko ta ƙi mama, asibiti za ki kai ta a ranar, kada a koma wurin wadda ta huda.