Tambayoyin Masu Karatu: Mu Huɗu a Gida Ɗaya, Kowa da Cimarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya, tare da fatan kina lafiya. Ni ɗaliba ce 'yar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, ina karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Mu huɗu muke haya a Tudun Wada, dukkanmu baƙi. Ɗaya 'yar Chadi ce, jikinta ba ya karɓar gyaɗa, da zarar ta ci sai leɓɓanta su kumbura, numfashi ya yi mata wuya. Ta biyu 'yar Kamaru ce, ba ta cin nama da kifi bisa aƙidarta. Ta uku 'yar Gana ce, tana da ciwon sukari. Saboda haka kowa ke dafa nata, muna sayen kayan abinci gwangwani-gwangwani a shagon unguwa, kuɗin da iyaye ke turo mana kuwa ba ya kai mu ashirin ga wata. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tun daga wasiƙarki na hango inda kuɗin ke zurarewa: tukunya huɗu kuke ɗorawa a gidan da tukunya ɗaya za ta wadatar, kuma kowace tukunya da gas ɗinta, da manta, da albasarta. Bambancin cimarku bai kai yadda kuke ɗauka ba, domin wake da gero da masara da ganye da kayan miya babu wadda ba ta ci a cikinku. Ku haɗa kuɗi ku sayi waɗannan tare, ku dafa miya ɗaya wadda babu nama babu gyaɗa a cikinta, a ɗibar wa 'yar Kamaru nata, sannan a zuba dafaffen nama ko kifi a sauran.

Kafin maganar kasuwa, bari in tsaya a kan 'yar Chadi, domin nata sha'anin na rai ne. A wannan gari gyaɗa tana ɓuya a inda baƙo ba zai zata ba: tana cikin yajin tsire da kilishi, tana cikin kwaɗon zogale da na rama ta hanyar ƙuli-ƙuli, ana sa ta a miyar taushe, wasu har a fate. Ga kuma wata al'ada tamu da ke rikita baƙo, wato duk farin man girki sai mu kira shi man gyaɗa ko da me aka tatse shi, shi ya sa mai awon mai a kwalba ba lallai ne ya iya gaya muku ainihin abin da ke cikin jarkarsa ba. Ku koma manja, ko man waken suya da ke cikin rufaffen mazubi mai rubutu a jiki, kuma ku haramta wa gyaɗa shiga madafarku baki ɗaya, saboda ludayi ɗaya da aka juya tukunya biyu da shi ya isa ya jawo abin da ake gudu. Kumburin da ya taɓa numfashi kuwa ba a jira da shi. Ta ga likita tun tana lafiya domin a tsara mata maganin gaggawa, ku kuma ku san hanyar Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke nan Tudun Wada.

Sai kasuwa. Shagon unguwa na gishiri ne da ashana, ba na hatsin wata guda ba. Kayan miya da ganye ku nufi Bakin Dogo da sassafe, lokacin da ake sauke kaya. Hatsi da wake ku bari sai ranar Talata a kasuwar Kawo, ko ranar Litinin a Kakuri. Sai dai tun da aka janye tallafin mai a 2023, kuɗin mota ya zama wani ɓangare na farashin abinci, don haka mutum biyu su je sau ɗaya a wata ya fi ku huɗu ku riƙa zarya kowane mako. Ku kula da ma'auni, domin mudu daban, tiya daban, kuma kwanon wannan ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. Ki riƙa yin cinikin da kanki tunda Hausa a bakinki take, kuma in kin samu mai awo mai gaskiya ki riƙe shi, domin wanda ya saba da fuskarki shi ke yi miki gyara.

Lokaci ma ciniki ne. Masara da gero da wake sun fi araha da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, shi ne lokacin da ya kamata ku roƙi iyaye su haɗo muku kuɗin wata biyu ko uku. Waken ku zuba shi a busasshiyar jarka mai murfi ku toshe sosai, don ƙwari ba sa rayuwa inda iska ba ta shiga. Tumatir kuwa yana faɗuwa ne da rani idan na lambu ya shigo, ya yi tsada da farkon damina, saboda haka ku yanka ku shanya tun yana banza, ku kuma ajiye kuka da busasshiyar kuɓewa, tunda wutar lantarkin da za a dogara da ita a cika firji ba ta da tabbas.

'Yar Kamaru ita ce mafi sauƙin ciyarwa, ko da yake na san ba haka kuke gani ba. Wake da shinkafa, ɗanwake, alala da awara duk suna gina jiki, kuma sun fi nama araha nesa ba kusa ba. Daddawa ta kalwa ce, tana ba miya ɗanɗanon da ba za a yi kewar nama ba, amma ta riƙa karanta jikin dunƙulen miya da ake sayowa, domin wasu na kaza ne. In tana cin ƙwai da nono, to ta yawaita su. Awarar bakin titi dai kada ta shigo da ita gida, saboda mai da yajin da ake haɗa ta da su na iya ƙunsar gyaɗa.

Game da 'yar Gana, za ku ji ana cewa ta koma acca ko tuwon alkama ta ci yadda take so. Ban yarda da wannan ba. Acca abinci ce mai kyau, ana noma ta a kudancin Kaduna da Filato, amma hatsi ce kamar sauran, ga ta da tsada a aljihun ɗaliba. Abin da zai fi amfanarta shi ne ta rage malmala, ta cika kwanonta da alayyafo ko zogale da wake, ta guji lemon kwalba da kunun da aka zuba wa sukari, ta kuma bi ma'aunin da likitanta ya ba ta. Idan kun dama kunun gero da safe, a ɗebe nata kafin a sa sukari, kamar yadda ake ɗebe miyar 'yar Kamaru kafin a sa nama.