Amsar Goggo kan maganar yaye

Assalamu alaikum, 'yata.

Na saurari saƙonki na murya har ƙarshe, har da ihun angon nawa da yake ta zubawa a bayanki. Ki gaya masa na ji, kuma idan bai rage rigima ba zan sake miji.

Abin da na fahimta shi ne yaro ya shiga wata 19, surukarki Hajiya ta aiko daga Funtuwa cewa idan an yi dogon hutun Agusta a kai mata shi ta yaye shi, ke kuma hankalinki bai kwanta ba. Kina tambaya ko wannan addini ne ko al'ada, kuma idan kin ƙi, ko za a ce kin yi rashin kunya.

Al'ada ce. Abin da addini ya faɗa yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 233: uwaye mata su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku, ga wanda ya so cika shayarwa, kuma idan uwa da uba suka so yaye kafin nan bisa yarda da shawara a tsakaninsu, babu laifi a kansu. Ayar ba ta ce a kai yaro gidan kowa ba. Ke da maigidanki ta ambata, da shawararku. Su ma ma'aikatan asibiti maganarsu ba ta yi nisa da wannan ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa take nono zalla har wata 6, daga nan abinci da nono tare har shekara biyu ko fiye. Saboda haka kada wata maƙwabciya ta ɗaga miki hankali wai ƙato ya girma yana shan nono. Da sauran wata biyar a haƙƙinsa.

Amma kada jin "al'ada ce" ya sa ki ɗauka shirme ne. Mutanen da ba don mugunta suka fito da ita ba. Bari in nuna miki yadda gidan yake a lokacin, sai ki ga dalilin da kanki.

Gidan kakanki da muka tashi a ciki, ɗakin tsohuwa yana nan tsallaken tsakar gida, kusa da rumbu. Yaro tun yana rarrafe can yake nufa. A ƙwaryarta yake tsoma hannu, a bayanta yake barcin rana idan uwarsa tana daka ko tana bakin murhu. Ranar yaye za a karɓo rubutu wajen malam a ba shi ya sha, tsohuwa ta dama kunu, da magariba ta goya shi ta shige ɗakinta ta saki asabari. Shi ke nan. Uwar tana jin kukansa cikin dare, ƙirjinta ya cika ya yi tauri, hawaye na zuba, amma ba ta isa ta taka ƙofar ɗakin ba, balle in ɗan fari ne da ko sunansa ba ta faɗa. Da safe sai ta ɓuya idan an fito da shi. Kwana kaɗan sai ka ga ya haƙura yana bin sauran yara. Ko da gidan kakarsa ta wajen uwa aka kai shi, ba baƙuwa ba ce a wurinsa, don a ɗakinta aka haife shi lokacin goyon ciki, a nan aka yi wankan jego, kuma unguwar ba nisa, kullum ana hanya.

Hikimar a fili take. Yaro yana jin ƙanshin nono a jikin uwarsa, muddin yana kwance kusa da ita ba zai daina nema ba, ita kuma tausayi ba zai bar ta ta hana shi ba. Sau da yawa uwar ma yarinya ce ƙarama, haihuwar fari, ba ta san yadda ake lallashi ba. Tsohuwa kuwa ba ta da jariri a hannu, barcinta kaɗan ne, haƙurinta da yawa. Sannan yaye yana ƙulla jika da kakarsa. A gidanmu ba a dawo da yaro hannu rabbana: sabuwar riga, da kaza, in da hali 'yar akuya. Akwai 'yan matan da akuyar yayensu ce ta yi ta haihuwa har aka rage kayan ɗaki da ita.

To duba naku. Angon nawa a Abuja aka haife shi. Kafin a isa Funtuwa sai an wuce Kaduna, an wuce Zariya. Hajiya a waya ya fi saninta, fuska ce da ke fitowa a gilashi ta ce "ina mijina" ya yi dariya ya gudu. Idan kika ajiye shi can kika juyo, ba nono kaɗai kika raba shi da shi ba. Kin raba shi da uwarsa, da ubansa, da shimfiɗar da ya saba, da irin abincin da bakinsa ya sani, duk a dare ɗaya, kika miƙa shi hannun da bai san ɗuminsa ba. Abin da ya sa al'adar ta yi aiki a da shi ne sabo, kuma shi ne babu a nan. Na ga yaran da aka yi wa irin wannan. Akan dawo da su sun yi shiru, wuya ya zazzago, sai mutane su ce kai, yaye ya karɓe shi, ya yi hankali. Uwar ta miƙa hannu, shi kuwa ya kama zanin kakar ya ɓoye fuska, ko kallonta ba ya yi. Ni ban taɓa kiran wannan hankali ba.

Ga kuma lokacin da aka zaɓa. Tsofaffinmu ba sa son yaye da bazara, saboda zafi da baƙon dauro da sanƙarau. Ba sa kuma son tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, gudawa tana yawo. Lokacin kaka suke jira, a shigo da sabon gero da wake da gyaɗa, gari ya yi sanyi. Agusta kuwa ita ce tsakiyar zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Katsina da kewaye, shi ya sa ma a watannin damina ma'aikatan lafiya suke bi gida-gida duk wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafinsa. Yaron da zazzaɓi ya kama yakan ƙi komai sai nono. Idan an riga an cire shi, da me za a riƙe shi? Wannan hujjar Hajiya ta fi ki saninta, tunatarwa kawai take buƙata.

Yanzu maganar yadda za a faɗa mata. Ba bakinki ba ne. Ɗanta ne zai yi magana, kuma kada ya je mata da "likita ya ce" ko "mun karanta a intanet", don abin da za ta ji shi ne ana gaya mata ba ta iya raino ba, ita da ta raini wanda kike aure. Ya ce mata, Hajiya, muna so ya cika shekara biyunsa, in Allah ya kai mu hutun Disamba sai mu kawo miki abinki ki yaye shi da hannunki. Ba wanda aka ƙi. Idan lokacin ya yi, ku tafi tare. Ki zauna a gidan kwanaki, ki bari ita ta riƙa yi masa wanka, ta ba shi abinci, ta goya shi, har ki ga da kansa yana bin ta. Sannan ki koma kwana a wani ɗaki, ko gidan wata 'yar uwa a cikin gari, ki riƙa leƙowa da rana. Idan ta yarda ta zo Abuja ta yi muku wata guda, ya fi ma sauƙi a kan yaron, sai dai na san tsofaffin nan da gidajensu, ko kwana uku suka yi sai su fara zancen awakinsu. Kuma ki riƙe mata turmin atamfa da sabulu da turare, kada ki je da jakar kayan yaro kaɗai kamar wadda ta kai ajiya.

Abu ɗaya ku fayyace tun kafin tafiya, cikin ladabi: yaye ne ko riƙo? A da, yaye shi ne ƙofar riƙo, musamman ga ɗan fari. Ana kai yaro da sunan kwana bakwai, sai a ce a bari ya ƙara warwarewa, sai a ce ai ya saba, sai ga shi an sa shi makarantar allo a can. Uwar kuma kunya ta hana ta tambaya. Riƙo ba abin ƙi ba ne, mutane da yawa sun ga alherinsa, amma a yi shi da sanin iyaye. Maigidanki ya ambaci ranar komawarku tun a maganar farko, cewa makaranta za ta buɗe a Janairu kuma da yaron za ku dawo.

Kada kuma ki ɗauka duk gaskiyar a wajenki take. Inda Hajiya ta fi ku shi ne daurewa. Ku 'yan yanzu yaro na cewa "eh" cikin dare kun ɗaga riga, ya yi kuka a mota kun ɗaga, ya faɗi kun ɗaga, nono ya zama maganin komai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga yanzu zuwa Disamba ki fara janyewa a hankali. Na tsakar rana shi ne mai sauƙin cirewa tunda kina wurin aiki, sai na yamma, a bar na kwanciya barci a ƙarshe. Idan ya zo yana jan hijabinki a gaban baƙi, kada ki daka masa tsawa, kada kuma ki ba shi, ki ɗauke shi ku fita ya ga kaji ko motoci, ki ba shi ruwa a kofinsa. Wata rana zai haƙura nan take, wata rana zai kwanta a ƙasa yana birgima har ki ji kamar ki bi shi da kukan. Duk uwa ta ga wannan. Cikin dare kuwa uban ya tashi ya saɓa shi a kafaɗa ya zaga da shi, ba abin kunya ba ne, kuma a jikinsa ba ƙanshin nono.

Abincin ne na fi so ki kula da shi, don a nan ake asarar yara, ba a wajen kuka ba. Koko tsululu da sukari yana cika ciki ne kawai. Yaro ya sha ya yi tim, uwa ta ce ya ƙoshi, bayan wata biyu gashi ya yi ja ya yi laushi, ƙafa ta kumbura, a ce mayu ne ko shawara, alhali tamowa ce. Ki soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, a niƙa su tare, ki riƙa dama masa da kauri yadda zai zauna a cokali. Faten wake da manja, alala, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka ko zogale, kifi da aka cire wa ƙaya, kindirmo mai tsabta, ayaba, gwanda. Cikinsa ƙarami ne, don haka kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, kuma a kwanonsa shi kaɗai don ki san abin da ya ci. Zai watsar, zai shafa a kai, abin da ya cinye jiya yau zai tofar. Ki ƙyale shi, gobe ki sake kawowa. Ɗura dai kada ki yi, wannan ta danne yaro a cinya a toshe hanci a zuba kunu. Mun gan ta da yawa, kuma kunu yana iya bin hanyar numfashi.

Kin tambayi shafa ɗaci a nono. Ana yi, da maɗaci ko ruwan shuwaka, kuma yakan sa yaro ya saki. Ni dai ban so, don wanda aka janye a hankali ba ya buƙatarsa. Barkono kuwa zalunci ne, hannunsa zai kai ido. Haka maganin mura da wasu ke ɗirka wa yaro don ya yi barci a daren yaye, ko wa ya ba ki shawarar kada ki karɓa. Ki duba katinsa ki tabbata an yi masa allurar baƙon dauro ta wata 9 da ta wata 15. Ki sa gidan sauronsa a cikin kaya, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa. Ke kuma idan nono ya cika ya dame ki, ki tatsa kaɗan don ki samu sauƙi, ba duka ba. Idan wuri ɗaya ya yi ja ya yi zafi har da zazzaɓi, asibiti za ki, kada ki tsaya ɗaure ƙirji da zani.

Saura abin da ba ki faɗa ba, ni ma ba zan tambaye ki a gaban kowa ba. Idan gaggawar Hajiya saboda ta hango wani abu ne a jikinki, wato kwanika, to ki sani maganar da ake yi cewa nonon mai ciki guba ne, yaro zai "sha ciki" ya lalace, ba haka take ba. Abin da ke lalata yaran nan shi ne a fizge su daga nono rana ɗaya saboda tsoro, ba tare da abincin da zai maye gurbinsa ba. Mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa da ƙaramin ciki tana janyewa sannu a hankali, in dai tana cin abinci sosai kuma ma'aikatan awo ba su ga wata matsala ba. In haka ne, lissafin Disamba zai iya canzawa, sai ki kira ni da daddare bayan ya yi barci mu sake tsarawa.

Ki gaishe min da maigidan naki da kyau.

Wassalam,
Goggonki