Tambaya da Amsa: Sana'ar katako tana kaiwa tattaɓa-kunne?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana rumfar katako da injin tsaga gungume, waɗanda shi ma wurin kakanmu ya gada. Mu tara ne. Wasu sun ce a sayar a raba kuɗin, tunda wai irin wannan sana'a ba ta wuce jika. Wanda kuma ya fi mu sanin aikin agolan gidan ne, tun yana yaro yake bin Baba. Shin akwai gidan da ya riƙe katako har tsatso ya yi nisa?
Daga wani mai karatu.

AMSA: Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Akwai, ɗan'uwa, kuma ambaton agola da ka yi ne ya tuna mini da wani gida a Amurka.

A Jihar Maine akwai wani ɗan gari mai suna Casco, mutanensa ba su kai 4,000 ba. A 1848 wasu mutum biyu 'yan dangin Decker, Nathan da Spencer, suka sa aka kafa musu injin tsaga katako a bakin wani rafi. Kamfanin yana nan har yau a hannun zuri'ar gidan, ya kai aƙalla tsatso na shida. Amma sunansa Hancock Lumber, ba Decker ba. Dalili kuwa, Nathan yana da agola, Sumner Hancock, shi ya shiga aikin, kuma ta kansa ragamar ta gangaro.

Kada wani ya ce na ce agola yana cin gado. Ba ya ci, kuma rabon gadonku aikin malamai ne, ba nawa ba. Abin da nake nufi shi ne, mallakar dukiya daban, riƙe ragamarta daban. Kowa zai iya sanin kasonsa a rubuce, inji kuma ya ci gaba da juyawa a hannun wanda ya iya, ana biyansa haƙƙinsa. Injin da aka sayar cikin gaggawa, kusan kuɗin ƙarfe ake ba shi. Kafintocin da suka saba karɓar falanki bashi a wurin Baba kuwa, babu dillalin da zai yi musu kuɗi.

Itacen da mutanen Casco suke tsagawa shi ne farin fain, dogo miƙaƙƙe. A zamanin da Ingila ke mulkin yankin, jami'an sarki kan bi daji suna sa wa manyansa alamar kibiya, don a yi turakun jiragen ruwan yaƙi da su. Itace ne da kan ɗauki shekara 80 ko fiye kafin ya isa sara. Wanda ya kula da shi yana ƙarami ba shi zai ci kuɗinsa ba, sai jikansa. A ganina wannan ya koya wa gidan haƙuri fiye da kowace nasiha. Ba su tsaya ga tsagawa kaɗai ba: suna da dajinsu, da injina a Casco da Bethel da Pittsfield, da shagunan sayar da kayan gini.

Kada ka ɗauka sumul suka taho. Kevin Hancock, na tsatso na shida, malamin makaranta ne da farko, yana koyar da tarihi. Mahaifinsa David ya rasu a 1997, nauyi ya faɗo masa yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Sai kasuwar gidaje ta Amurka ta durƙushe wajen 2008, gini ya tsaya, katako ya yi kwantai. Ana cikin haka, a 2010, wata cuta ta kama masa maƙogwaro, magana ta zama masa wahala. Maigida babu murya! Dole ta sa idan ma'aikaci ya kawo matsala, sai ya mayar masa da tambayar, ya ji yadda shi yake ganin za a yi. Ya sha faɗa daga baya cewa a nan ya gane masu tsayuwa a bakin inji sun riga sun san amsar, tambayarsu ce ba a yi.

To ku ma, kafin ku kira dillali, ku zaunar da agolan nan da tsofaffin yaran rumfa. Ku ɗauko littafin bashi, ku ƙirga abin da ke waje da abin da ake bin ku, ku tambaye su ribar da tirela ɗaya ta katako take bari bayan an cire kuɗin mota da na man inji da na masu sauke kaya. Wanda har yanzu yake son kasonsa a hannu bayan ya ji lissafin, sauran su saya daga gare shi kaɗan-kaɗan, a rubuta da shaidu.