Amsa ga mai son zuwa da yara karaban a gefen Skipton

Wayyo 'yar uwa, ina karanta tambayarki sai na ga kaina bara waccan. Kin ce maigida ya samo karaban (ɗan gidan tirela da ake haya don hutu) mai araha a wata gona kusa da garin Skipton na arewacin Ingila, za ku je hutun ƙarshen Oktoba da yara uku da Hajiya surukarki, kina tsoron sanyi da batun abinci. Tsoron nan naki yana kan hanya. Mu ma yankin muka je, kwana huɗu, kuma a wannan lokacin.

Kafin ki biya ko sisi, ki tambaya karaban ɗin na masu filin ne ko na wani ne da ya ajiye yana ba da haya. Namu na wata mata ne, ban sani ba sai da abin ya faru. Dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, gas ya ƙare. Da shi ake ɗumama ɗaki, da shi ake ruwan zafi da girki. Tukunya biyu ce a waje, Abban yara ya fita da fitilar waya cikin yayyafi zai juya zuwa ta biyun, ashe ita ma wayam. Ga babu sabis, sai da ya taka har bakin ƙofar gonar kafin ya samu layi. Kira nawa ya yi, matar nan ba ta ɗauka ba. Na jona 'yar hita da muka zo da ita, na ɗora butar lantarki in haɗa wa auta madara, wuta ta ɗauke ɗif, don wutar da ake ba kowane karaban ba ta da ƙarfi. Haka na goya yarinya 'yar wata takwas, na rufa mana bargo biyu, ina zaune ina jin tumaki suna kuka, tagogi suna zubar da raɓa ta ciki. Da safe mai kula da filin ya ce shi ba ruwansa, tsakaninmu da mai karaban ne. Ya dai sayar mana da tukunya, ita ma da kuɗinmu.

Abin da har yau yake min ciwo shi ne kuɗin ajiya. Fam 100 muka ba ta, ta riƙe 60, wai mun bar wari a labule. Miyar kuka na yi sau ɗaya tak, da 'yar daddawa, taga a buɗe! Ita da muka tarar da gashin kare a kan kujeru, sai da na shimfiɗa zani kafin mu zauna, balle salla. Kuɗin gas ko ba ta ma ambata ba. Na rubuta mata saƙo mai tsawo, Abban yara ya ce in bar ta da Allah. Na bar ta, amma ban manta ba. Ki ɗauki hoton ko'ina da shigarku, har tukwanen gas, kuma duk maganar ku ta zama a rubuce.

Nama kuwa ki sayo a Bradford ko Keighley a hanya, sai dai firijin ɗan mitsitsi ne, gara ki yi miya a gida ki daskarar. Buta kada ki manta. Zanen gado da tawul ma wasu ba sa bayarwa. Ita Hajiya a ba ta babban ɗakin, gadajen yaran siraran gaske ne, ga matakala a bakin ƙofa mai santsi in an yi ruwa.

Kada ki ce na hana ki. Garin yana da daɗi wallahi. Kasuwa tana ci Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar a babban titin da ya miƙe zuwa tsohuwar fadar garin, rumfuna jere, da cuku da kayan lambu da safa masu kauri. A nan na saya wa kowa safa bayan daren nan. Yara sun shiga jirgin ruwa a magudanar da ta haɗa Leeds da Liverpool, har yanzu suna zancen. Ranar Lahadi manyan kantuna awa shida kawai suke buɗewa, ki yi cefane tun Asabar.

Kuma ki tuna Lahadin ƙarshen Oktoba ake mayar da agogo baya, kafin biyar magariba ta yi. Hanyoyin ƙauyen ƙunci gare su, katangar dutse hagu da dama, babu fitila, ku isa da rana. In za ku Bolton Abbey, wani wurin yawon buɗe ido kusa da Skipton, akwai inda kogin Wharfe ya tsuke da ake kira Strid, kamar a tsallaka da ƙafa, amma ya ci mutane. Ni ban saki hannun Yaya babba ba har muka koma mota, yana ta fushi wai na mai da shi jariri.