Amsa ga 'yar uwar da aka yi wa allurar baya biyu a haihuwa ɗaya

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raba lafiya. Kin ce a haihuwar fari an sa miki efidura, allurar baya ta rage zafin naƙuda, sai naƙuda ta tsaya, aka shiga da ke tiyata aka ƙara miki sifainal, allurar baya ta kashe jiki don tiyata, sai hannuwanki suka mutu, numfashi ya yi nauyi, yanzu kina tsoron a maimaita. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin tiyata, na kuma ga irin haka da idona.

Alluran nan ba wuri ɗaya suke zuwa ba. Efidura siririyar roba ce da ake bari a wajen jakar ruwan laka, ana ɗura magani kaɗan-kaɗan. Sifainal kuwa cikin ruwan ake zuba ta, cikin 'yan mintuna ƙafafu su mutu. To idan an riga an ɗura magani da yawa ta robar, yakan matse jakar, kamar a matsa ledar ruwa daga gindi, sai maganin sifainal ya haura fiye da kima. Daidai layin nono ake so ya tsaya. Da ya wuce, jini ya faɗi, amai ya taso, yatsu su mutu, murya ta shige ciki.

Shi ya sa in efidura tana ci, ba a sake huda baya. Magani mai ƙarfi ake ƙarawa ta robar, a jira kamar minti 10 zuwa 20. In ta ƙi, likita yakan rage sifainal ɗin, ko ya jinkirta idan jariri ba ya cikin haɗari, ko ya sa barci gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kawaicinmu. Na ga baiwar Allah tana kallon rufi, leɓe ya bushe, ba ta ce uffan ba sai da na'ura ta yi ƙara. Don Allah ki riƙa magana! Jin ana ja ko danna ciki ba komai ba ne. Amma zafi, ko ki kasa matse hannun nas, faɗi nan take; iskar oksijin da allurar ɗaga jini suna kusa.

Tun a awo ki nemi ganin likitan kashe zafi, ki ba shi labarin nan tiryan-tiryan. In tiyatar shiri ce, ba efidura a gabanta, wannan matsewar ba ta taso ba, hatsarin ya ragu ƙwarai.