Tun da ruwa ya cinye gonata barci ya ƙaurace mini

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke yankin Auyo, shekarata 46, ina da iyali. Bara ambaliya ta cinye mini gonar shinkafa, kuma da bashi na noma ta. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini, sai in farka ƙarfe biyun dare in yi ta juyi har kiran assalatu. Gabana yana yawan faɗuwa, tsakiyar kaina zafi, abinci ba ya mini daɗi, abu kaɗan sai in hau iyali da faɗa. An yi mini gwajin maleriya da taifot, na sha magani, ba sauƙi. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce rashin tawakkali. Yanzu wata 'yar ƙwaya nake saya a kemis kafin in runtsa. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya mayar maka da alheri, Ya ba ka lafiya. Sai an duba mutum ido da ido ake tabbatar da ciwo, amma abubuwan da ka lissafa sun yi kama sosai da ciwon tsananin damuwa, haɗe da fargaba. Ciwo ne sananne, kuma ana warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na manya suna fama da shi. Ma'aunin da muke bi shi ne ƙuncin rai ko rashin jin daɗin komai ya zauna wa mutum kusan kullum har mako 2 ko fiye, ya taɓa barcinsa da cinsa da aikinsa. Kai kuwa ka haura watanni.

A wajenmu da wuya magidanci ya zauna gaban likita ya ce ransa ne ba daɗi. Jiki ne ke yin ƙarar: zafin kai, bugun ƙirji, ciwon ƙafaɗa, wani abu na yawo a ƙarƙashin fata. Kuma ba ƙarya yake yi ba. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, takan sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, naman wuya ya ɗaure, ciki ya daina neman abinci, barci ya gudu. Da gamsheƙa ka gani a kunyar gona, wannan shirin zai cece ka, bayan ɗan lokaci jiki ya koma daidai. Bashi kuwa ba ya wucewa a yini ɗaya, yana nan safe da dare, shi ya sa jikinka ya kasa saukowa. Game da taifot, gwajin Widal da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji yakan nuna akwai cuta alhali babu, har mutum ya shekara yana shan maganin abin da ba shi ke damunsa ba.

Maganar rashin tawakkali ita ta fi ci mini rai, domin tana ƙara wa mara lafiya nauyi a kan nauyi. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Manzon Allah (SAW) ya koyar da addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma a cikin addu'ar nan ya ambaci nauyin bashi. Ka riƙe addu'arka da azkar ɗinka, ka haɗa da asibiti, ɗaya ba ya korar ɗaya. Abin da ba zan so ba shi ne ka sayar da 'yar akuyar da ta rage ka kai wa mai cewa zai tono maka abin da aka binne.

Ƙwayar kemis ɗin nan, galibi diazepam ce ko danginta. Tana kawo barci a farko, sannan jiki ya saba, ɗaya ta daina isa, damuwar kuma tana nan inda take. Idan ka yi makonni kana shan ta kullum, kada ka yanke ta rana ɗaya, domin hakan na iya jawo rawar jiki har da farfaɗiya. Likita ne zai rage maka ita sannu a hankali. Tramadol da ake sha don ƙarfin noma ma ka nisance shi.

Akwai abin da ke hannunka tun yau. Goro da shayi mai kauri su tsaya daga azahar, domin sinadarin da ke cikinsu yakan yi awanni a jini yana hana barci. Bayan sallar asuba kada ka koma shimfiɗa ko da daren bai yi daɗi ba. Fita rana ta taɓa ka, ka kama wani aiki, ko gyaran danga ne ko ɗan fegin rani na albasa. Ƙailula kada ta wuce rabin awa. In ka farka tsakar dare juyi ya yi yawa, tashi ka yi alwala ka zauna da carbi har barci ya dawo, wayar kuma a bar ta a ajiye.

Ka koma majalisa. Na san kunyar mai binka bashi ce ta sa ka janye, amma zaman ɗaki shi ke ciyar da wannan ciwo. Ka samu liman ko mai unguwa ko yayanka ku je wurin mutumin tare, a zauna a tsara biya kaɗan-kaɗan bayan kaka. Iyalinka ma ka gaya musu gaskiyar abin da kake ji. Sun daɗe suna ganin ka canja, wataƙila kowa na zargin kansa ne.

Sannan ka je babban asibitin da ya fi kusa da kai, kamar na Haɗeja, a auna hawan jini da sukari da yawan jini, ka kuma faɗa wa likita maganar barci da tunanin nan baki da baki. In da buƙata zai tura ka asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau, ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Yawancin masu zuwa can a ranar suke komawa gida. Magungunan wannan ciwo irin su amitriptyline da fluoxetine sai sun yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin aikinsu, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi, don haka kada ka ajiye da ka ji dama-dama.

Idan kuwa zuciya ta taɓa raya maka cewa gara mutuwa, kada ka jira ranar kasuwa ko samun kuɗin mota. Ka gaya wa wani babba a gidanku a ranar, a kwashe fiya-fiya da maganin feshi daga ɗakinka a kulle, a raka ka asibiti. Ka tafi da kwalin ƙwayar da kake sha da takardun gwajin da aka yi maka a baya.